TARIHIN KARATUN KIMIYYA A ZANGON AGEGE DA ABIN DA SAKAMAKON 'YA'YANMU YAKE FAƊA MANA

 Muna so a wannan fitowa mu yi magana a kan takardar nan da yaranmu suke kawowa gida ƙarshen kowane zangon karatu, wato katin sakamako, musamman layin da aka rubuta makin kimiyya da lissafi. Dalili kuwa shi ne duk shekara idan sakamakon WAEC ya fito sai ka ji magana iri guda a majalisu da bakin masallatai, wai yaranmu ba su da kan kimiyya, kasuwa ce gadonsu. To, mu 'yan kasuwa ne, kuma ɗan kasuwa ba ya yanke hukunci a kan cinikin rana ɗaya, sai ya buɗe littafi ya duba na bara da na bariya. Saboda haka bari mu buɗe littafin tun daga shafin farko.

YADDA AKA ZAUNA

Goro ne ya kafa Zangon Agege. A da can fatakenmu Gwanja suke zuwa sayensa, su yi watanni a hanya da jakuna. Da kasuwar Salaga ta mutu a ƙarshen ƙarni na 19, sai goro ya koma biyo jirgin ruwa zuwa Ikko, daga baya manoman Agege da Ota suka dasa shi a gonakinsu tare da koko. Hanyar jirgin ƙasa da ta tashi daga Ikko ta ratsa ta Agege, ta isa Badun a 1901, ta isa Kano a 1912. Daga nan sai kakanninmu suka sauka kusa da tasha, suna saye suna ɗaure huhu suna lodi zuwa Arewa, masu shanu kuma suna gangarowa da nasu.

Waɗannan mutane masu ilmi ne. Suna da allo, suna da littattafan fiƙihu, suna rubuta wasiƙa da lissafin bashi da ajami, kuma mutum ɗaya zai riƙe ƙididdigar ƙwarya ɗari-ɗari a ka ba ya ɓata ko ɗaya. Amma makarantar boko a lokacin yawancinta a hannun 'yan mishan take, kuma uba yana tsoron kada ya kai ɗansa a sauya masa addini. Ga shi kuma suna ganin zaman Kurmi zaman cin rani ne, yau ko gobe za a koma gida. Don haka yaro in ya isa, ko dai a tura shi Kano ko Zariya ko Katsina karatun allo, ko a zaunar da shi gindin huhu ya koyi sana'a. Suna da hujjarsu a zamaninsu, Allah Ya jiƙansu da rahama.

MAƘWABTA SUN RIGA MU SHIGA

Wannan tsoro har 'yan uwanmu Musulmin Yarabawa sun yi shi, sai dai su sun nemo masa magani da wuri. A 1896 gwamnatin Ikko ta buɗe makarantar boko ta 'ya'yan Musulmi, inda ake haɗa Arabiyya da Turanci. A 1923 aka kafa ƙungiyar Ansar-ud-Deen, babban aikinta gina makarantu. A 1948 kuma aka buɗe kwalejin Ahmadiyya a nan cikin Agege, wadda daga baya ta koma Anwar-ul-Islam, kuma tana cikin sakandaren Musulmi na farko-farko a wannan yanki. Marigayi Shehu Adamu Abdullahi na Ilori ya kafa Markaz a Abekuta a 1952, sa'an nan ya dawo da ita Agege bayan 'yan shekaru, ya kawo tsarin aji da benci da jarrabawa cikin karatun Arabiyya.

A tuna kuma Agege a wancan lokaci ƙarƙashin Jihar Yamma take, ba a yi Jihar Legas ba sai 1967. Saboda haka ilmin firamare kyauta da Cif Awolowo ya fara a 1955 ya iso har ƙofar gidajenmu. 'Ya'yan maƙwabta suka cika azuzuwa, wasunsu suka wuce sakandare, suka zauna jarrabawar hukumar WAEC wadda aka kafa a 1952, suka shiga Jami'ar Legas da aka buɗe a 1962. Asibitin koyarwa na wannan jami'a a Idi-Araba yake, jikin unguwar Hausawa. Shekaru da yawa mutanenmu suna shiga wannan asibiti a matsayin marasa lafiya da masu gadi da masu sayar da shayi a bakin ƙofa, likitocin kuwa 'ya'yan wasu ne. Wannan rata ta kusan shekara hamsin ita ce bashin farko da ke cikin littafin, tun kafin a zo maganar ƙwaƙwalwar kowa.

ZAMANIN JAKANDE DA TSARIN 6-3-3-4

Mu da muke cikin shekaru hamsin da ɗoriya yanzu, mu ne muka ga lokacin da ƙofa ta buɗe sosai. A 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta kawo shirin UPE na firamare kyauta a ƙasa baki ɗaya. Islamiyyu kuma suka yawaita a unguwanninmu, masu aji da rajista da jarrabawa, har iyaye suka saba da ganin yaro da jaka da littafin rubutu, tsoron boko ya ragu. Yara suka yi wa makarantun Ikko yawa har ana karatu kashi-kashi, wasu da safe wasu da rana. Da Alhaji Lateef Jakande ya hau gwamna a 1979 sai ya soke wannan, ya gina azuzuwa birjik a kowace unguwa, ya ba da littattafai kyauta, ya kafa Jami'ar Jihar Legas a Ojo a 1983. Masu suka suna cewa gine-ginen kamar akurkin kaji, amma a cikinsu ne da yawa daga 'ya'yan Zango suka fara taka sakandare.

Sai dai kimiyya tana da wata bukata da sauran darussa ba su da ita. Tarihi ko Turanci ana iya koyar da su da allo da alli kawai, amma Kemistiri da Fiziks da Bayoloji sai da ɗakin gwaje-gwaje, da ruwa, da wuta, da sinadarai, da malamin da ya san aikinsu. Gina aji ya fi gina wannan ɗaki sauƙi, don haka azuzuwa suka riga kayan aiki zuwa.

A 1982 aka fara tsarin 6-3-3-4, jihohi suka bi shi a hankali: shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babba, huɗu a jami'a. Tsarin ya zo da abubuwa biyu da suka shafi maganarmu. Na ɗaya, makin yaro ya daina dogara ga jarrabawar ƙarshe kaɗai, ana tara wani kaso daga gwaje-gwajen cikin zango da aikin gida. Na biyu, a ƙarshen aji uku ake raba yara, wasu ajin kimiyya, wasu na kasuwanci, wasu na adabi. An sayo injuna daga ƙasashen waje don koyar da fasaha, amma a makarantu da yawa a faɗin ƙasar nan sun yi tsatsa cikin akwatunansu saboda rashin lantarki da ɗaki da malami. Sa'an nan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, kayan gwaji suka yi tsada, malamai suka shiga yajin aiki a kai a kai. A cikin wannan hali aka fara sabuwar jarrabawar kammala babbar sakandare a 1988. Yaro da yawa a wancan zamani ya shiga jarrabawar gwaji alhali bai taɓa riƙe bututun gilashin nan da ake ɗiga ruwan asid da shi ba sai ana saura kwana kaɗan.

ABIN DA KANO TA YI

Kafin mu ci gaba da na Ikko, ya kamata mu leƙa gida, don a can ne aka taɓa gwada maganar nan ta "ba su da kan kimiyya" aka ga ƙarshenta. A shekarun 1970 hukumomin Jihar Kano sun zauna sun duba sakamakon sakandarensu, suka ga yaran da suke cin darussan kimiyya har su cancanci karatun likita ko injiniya ba su taka kara sun karya ba, asibitoci da ma'aikatu kuwa sai an ɗauko ma'aikata daga wasu wurare. A 1977, zamanin Gwamna Kanar Sani Bello, aka kafa hukuma ta musamman da makarantun kimiyya biyu, ɗaya a Dawakin Kudu ɗaya a Dawakin Tofa. Ana zaɓo yara da jarrabawa daga ƙananan azuzuwan sakandare, a ajiye su a makarantar kwana, a ba su ɗakunan gwaji da malamai da littattafai. Duk wanda yake da dangi a Kano ya san abin da ya biyo baya. Likitoci da injiniyoyi da malaman jami'a masu yawa na Kano da Jigawa daga waɗannan makarantu suka fito, kuma 'ya'yan manoma ne da 'yan koli da mahauta, irin namu sak. Farkon aikin kuwa duba maki ne da aka yi a tsanake, aka tambayi dalilinsa.

SHEKARUN GUDU DA DAWOWA

Akwai wani abu da ya shafi yaran Zango wanda bai shafi na maƙwabta ba, shi ne yankewar karatu. Rikicin 12 ga Yuni na 1993, da faɗan kasuwar Ketu na 1999, da tashin hankalin Oktoba na 2000, da na Idi-Araba a Fabrairun 2002, da na Mil 12 a 2016, kowannensu ya sa magidanta sun loda mata da yara a mota zuwa gida har ƙura ta lafa. Babba yana dawowa ya buɗe rumfarsa ya ci gaba daga inda ya tsaya. Yaro kuwa in ya dawo ya tarar an wuce babi uku a lissafi, kuma lissafi da kimiyya kamar ginin bulo suke, in layin ƙasa ya yi giɓi duk abin da aka ɗora a kai sai ya karkace. Haka annobar korona ta yi wa kowa a 2020, aka rufe makarantu tun daga Maris, WAEC ba ta yiwu ba sai Agusta.

A ɓangaren hukuma kuma an yi sauye-sauye. An kafa NECO a 1999, ta fara jarrabawarta a 2000, yaro ya samu dama biyu a shekara ɗaya. A 2001 Gwamna Tinubu ya mayar wa ƙungiyoyin addini makarantunsu da gwamnati ta karɓe a shekarun 1970. An raba makarantun sakandaren jiha zuwa gundumomin ilmi shida, ta ɗaya ita ce ta Agege da Alimosho da Ifako-Ijaiye, ofishinta yana nan Dairy Farm, tafiyar ƙafa daga gidajen da yawanmu. A 2009, zamanin Gwamna Fashola, aka kawo shirin Eko da rancen Bankin Duniya, wanda ya ba makarantu kuɗi kai tsaye, ya kuma sa ana auna yara a Turanci da lissafi da kimiyya don a ga ko ana ci gaba. Hukumar JAMB da aka kafa a 1978 ta mayar da jarrabawarta kan kwamfuta gaba ɗaya a 2015.

ABIN DA ALƘALUMA SUKA NUNA

Ma'aunin da ake yawan ambata shi ne yawan waɗanda suka ci kiredit biyar har da Turanci da lissafi a WAEC. A 2014 kashi 31 cikin 100 ne kacal a Nijeriya duka. A 2018 ya kai kusan kashi 50, a 2021 ya haura kashi 81, a 2024 ya sauko kashi 72. A 2025 da farko an sanar da kashi 38, hankalin iyaye ya tashi, bayan 'yan kwanaki hukumar ta ce an samu tangarɗa wajen makin wasu takardu, ta gyara ya koma kusan kashi 63. Wannan kaɗai ya isa ya nuna mana cewa sakamakon shekara ɗaya yana iya yaudarar mutum, sai an jera shekaru kafin a san inda aka dosa.

Hukumar WAEC kuma tana fitar da rahoton manyan masu duba takardu kowace shekara, kuma ƙorafinsu a darussan kimiyya kusan iri ɗaya ne kullum: yara ba sa fahimtar abin da tambaya take nema saboda raunin Turanci, ba su saba da kayan gwaji ba, ba su iya zana hoto su sa wa sassansa suna ba, suna yin lissafi daidai su manta rubuta ma'auni, ko mita ne ko giram. Dukkan waɗannan abubuwa ne da ake koya. Na farkon ma ya fi shafarmu, domin yaron Zango Hausa yake yi a gida, Yarabanci da Turancin buroka a titi, Larabci a Islamiyya, sa'an nan a tambaye shi Fiziks da Turancin littafi. Wanda ya iya ɗaukar harshe huɗu ai ba a ce masa daƙiƙi ba, abin da yake nema shi ne wanda zai zaunar da shi ya riƙa karanta Turancin littafi da ƙarfi har bakinsa da kunnensa su saba.

YADDA AKE KARANTA KATIN

Wasu iyaye abu ɗaya suke tambaya: na nawa ka zo? In yaro ya ce na goma a ce madalla, in ya ce na arba'in a ɗauko bulala. Alhali matsayi a aji ba ya faɗin komai in ajin duka ya yi rauni. Ga abin da ya fi amfani a duba.

Na farko, a ajiye katunan duka wuri guda, a jera na zango uku ko shida, a bi layin lissafi da na kimiyya da yatsa. A ce yaro ya samu 64 a zangon farko, 56 a na biyu, 49 a na uku. Har yanzu malami zai iya rubuta masa "ya yi ƙoƙari", amma mai ido ya san kaya suna raguwa. Wanda ya tashi daga 35 zuwa 42 zuwa 48 kuwa, ko da makinsa na ƙarshe bai kai na wancan ba, shi ne yake kan hanya, yabo ya kamace shi. Duk mai goro ya san ba a ɗaure huhu a manta da shi sai ranar sayarwa, ana kwancewa lokaci-lokaci a tsince mai sankara a sauya ganye. To haka katin nan yake.

Na biyu, a raba makin cikin zango da na jarrabawa. In na cikin zango ne ya faɗi, galibi fashi ne ko rashin yin aikin gida, wato matsalar daga gida take: aike, talla, jiran rumfa, ko tafiya biki Arewa ana tsakiyar karatu. In na cikin zango ya yi kyau na jarrabawa ya faɗi, to ko dai kwafa yake yi wajen abokai, ko haddacewa yake yi ba fahimta.

Na uku, a duba gurbin da aka rubuta kwanakin da aka buɗe makaranta da kwanakin da ya halarta. Sau da yawa amsar duka tana nan.

Na huɗu, a san ma'anar haruffan. A1 ne ƙoli, C6 shi ne ƙarshen kiredit, kuma a ma'aunin da makarantu suke bi daga maki 50 yake farawa. D7 da E8 an tsallake amma ba su shigar da yaro jami'a, F9 faɗuwa ce. Mai son likita ko aikin jinya sai ya kawo kiredit a Turanci da lissafi da Fiziks da Kemistiri da Bayoloji, biyar ɗin nan cif. Ko ɗaya ya zama D7 ƙofa ta rufe sai wata shekara.

Na biyar, a kula da aji biyu da aji uku na ƙaramar sakandare, don a nan ake yanke wa yaro hanya. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Uban da bai farka ba sai ana rajistar WAEC, sai dai ya faɗa hannun masu cibiyoyin satar amsa, ya biya kuɗi mai yawa ya sayo wa ɗansa takardar da ba za ta tsaya masa a gaban kwamfutar JAMB ba, ga alhakin ha'inci a wuyansa.

SAURAN AIKI NAMU NE

Alƙaluman da muka kawo na ƙasa ne baki ɗaya. Na Zango kuwa mu da kanmu za mu rubuta shi. Shawararmu ga ƙungiya ita ce a buɗe littafi guda a ofis, kowane magidanci ya kawo katin 'ya'yansa ƙarshen zango, a rubuta makin lissafi da kimiyya da Turanci da kwanakin fashi, maza daban mata daban, a riƙe shi amana ba a tallata sunan ɗan kowa. Bayan shekara uku za mu ga a wane aji yaranmu suke fara zamewa, kuma a wane aji 'yan mata suke ɓacewa daga rajista. Da wannan littafi a hannu shugabanni za su iya zuwa ofishin gunduma su yi magana da hujja, su tambayi yawan malaman kimiyya da halin ɗakunan gwaji a makarantun da yaranmu suka fi yawa.

Muna kuma roƙon malaman Islamiyya, waɗanda su ne suka fi kowa sanin yaran nan, su ara mana azuzuwansu na awa biyu ranar Asabar ko Lahadi, samarinmu da suka gama jami'a ko suke hidimar ƙasa su zo su yi wa ƙannensu bitar lissafi da Turanci. Alhazanmu na goro da na shanu da na canji, wanda Allah Ya hore masa ya ɗauki nauyin alli da littattafai da ɗan abin sayen mai na malaman. Iyaye maza kuma a daure a riƙa zuwa taron iyaye da malamai da kai, rufe rumfa na awa biyu sau uku a shekara ba ya karya jari.

Dukkanmu mun san halin da matanmu suke shiga a asibiti in ba su samu mace mai jin Hausa ba, mun san kuma dubban shanun da ake yankawa a mayankar Oko-Oba sai likitan dabbobi ya duba su. Waɗannan gurabu yarinyar da take aji biyu yanzu da yaron da yake aji uku ne za su iya cike su nan da shekara goma sha biyu, in an lura da katinsu tun daga wannan zango.

Allah Ya shirya mana zuriyarmu, Ya ba su ilmi mai amfani duniya da lahira, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, amin.